Mutumina, garmaho ya dawo

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya aiki, ya su Hajiya da yara, ya zafin Zariya? Mu nan Shikago sanyi ne ke ba mu kashi. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, wallahi ba mantuwa ba ce, wani ciwo ne ya kama ni da girma na, kuma na san dariya za ka yi in ka ji.

Ka tuna garmahon Baba da muke laɓewa mu murɗa hannunsa in ya tafi masallaci? To faifai ya dawo kasuwa a nan, ni kuma na faɗa ciki tsundum, musamman na kiɗan jaz. Akwai wani tsohon kamfani Blue Note da wani Bajamushe Alfred Lion ya kafa a New York a 1939, da suka cika shekara 80 a 2019 sai suka fara sake buga tsofaffin faya-fayansu da sunan Tone Poet. Wani Joe Harley ke zaɓar wanda za a buga, Kevin Gray kuma ya ɗauko ainihin tef ɗin da aka naɗa tun wancan zamanin ya yanka faifan kai tsaye daga kansa ba a bi ta kwamfuta ba, sannan a buga a Kalifoniya, kowane ɗaya giram 180 ga kwali mai kauri da hotuna. Kuɗinsa kusan dala 40, kar ka lissafa min a naira dan Allah, madam ta riga ta lissafa.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne mutumin da ya naɗi yawancin kiɗan, Rudy Van Gelder, asalin sana'arsa gwajin ido da tabarau, a falon gidan iyayensa a garin Hackensack kusa da New York yake naɗa kafin ya gina situdiyonsa a 1959. Falo fa mutumina! Amma in ka ɗora allura ka zauna tsakanin sifikun nan biyu ka rufe ido har jan numfashin mai busa kake ji kafin ya hura, mai ganga yana can gefe kamar ka miƙa hannu ka taɓa shi. Daren farko ban kwanta ba sai wajen ƙarfe 2.

Inda na yi wauta shi ne shiga kulob ɗin faifai. Kamar adashe ne, duk wata su cire kuɗi a katinka su aiko maka faifai ɗaya har ƙofa, sai dai su ke zaɓar maka. Wata 6 na yi a ciki, biyu kawai suka kwanta min, ɗaya ma ya zo a lanƙwashe allura na hawa tana sauka kamar mota a hanyar ƙauye, na yi ta tura saƙo kafin a canza min. Da na zauna na duba sai na ga tara kaya nake ba saurare ba, wasu ko ledarsu ban yage ba, sai na fita abina. Yanzu shago nake zuwa ran Asabar in duba in juya in zaɓi wanda raina ke so ko da tsoho ne mai ɗan ƙaras-ƙaras.

Su kuma gwanayen kunne sun sha kunya a 2022, lokacin da ta fito fili cewa kamfanin Mobile Fidelity ya daɗe yana bi da kiɗan ta kwamfuta kafin ya yanka faifai, alhali masu saye suna ta rantsuwa wai kunnensu na banbance wanda kwamfuta ta taɓa. Ba na musu dariya sosai, don ni ma da an gwada ni faɗuwa zan yi.

Ka san me ya sa na tuna ka? A shagon ne na ci karo da faifan Yusef Lateef, mai busa sarewa da sakso, Musulmi ne, ashe ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a ABU. Muna yara muna yawo a Samaru mutumin na nan kusa da mu ba mu sani ba. In ka haɗu da tsofaffin malaman jami'a ka ɗan tambaya ko akwai mai tuna shi.

Sai roƙo. Akwatin ƙarfen nan na ɗakin Baba, ka duba min ko faya-fayan suna ciki. In suna nan ka jera su a tsaye kar a ɗora wani kan wani, ka nisanta su da rana, kuma kar yara su taɓa don irin na da ne, faɗuwa ɗaya ya fashe. Ka ɗauko min hoton rubutun tsakiyar kowanne ka turo ta WhatsApp.

A gaida Hajiya da kyau, ka ce turarenta na nan tafe da ni in Allah ya kai mu babbar sallah.

Naka,
abokinka na Shikago