Hotunan Ƙasashen Almara Da Muke Yaɗawa Suna Da Masu Su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu in yi magana a kan wani abu da duk mai riƙe da babbar waya yake gani kullum. Ina nufin hotunan nan na ƙasashen almara: tsauni yana reto a sararin sama da gari a kansa, ko fada a bakin magangarar ruwa, ko daji mai itatuwan da suka kere gajimare, ga wata biyu a sama. Ranar Juma'a su ake liƙa wa "Juma'at Mubarak" a ɗora a sitatus. Da asuba kuma su ne ke fara shigowa zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin 'yan makaranta.

Ni sana'ata buga katin biki da kalanda da memo da bana, a wani ɗan shago kusa da Kasuwar Wunti a nan Bauchi. Ina son waɗannan hotuna ƙwarai, kuma ina tara su. Amma da yake idona ya saba da aiki, duk hoton da aka turo mini kusurwar ƙasa nake fara dubawa, domin nan mai zane yake sa hannu. Yawanci sai in tarar an datse wurin, ko an danne shi da sitikar fure, ko wani ya maka sunan shafinsa a kai. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Jama'a da yawa sun ɗauka kwamfuta ce kawai ke tofo waɗannan abubuwa. A gaskiya mafi kyawunsu mutum ne ya zauna ya yi su da hannunsa, da alƙalami na musamman a kan allon zane irin na Wacom, ko a kan iPad. Ba da launi yake farawa ba. Ƙananan zane yake fara yi da baƙi da fari da toka-toka, kowanne bai wuce faɗin akwatin ashana ba, har sai ya samu wanda tsarinsa ya zauna. Daga nan ya yanke shawarar ta inda haske zai fito, domin duk inuwar da ke cikin hoton dole ta bi wannan shawara. Sannan ya raba filin uku: abin da ke kusa ya yi masa duhu da kaifi, na tsakiya ya ba shi launi sosai, na nesa kuma ya kashe masa launi ya ja shi zuwa shuɗi-shuɗi. Wannan na ƙarshe mu 'yan Arewa ba sai an koya mana shi a aji ba. Duk wanda ya kama hanyar Jos daga Bauchi da hunturu ya ga yadda itatuwan bakin titi suke fitowa raɗau, tuddan bayansu suka dusashe, Dutsen Zaranda kuma ya koma kamar an shafa shi da toka, da ƙyar ake raba shi da sama. Abin da hazo ke yi wa ido shi mai zane yake kwaikwayo da gangan don ka ji nisa a kan gilashin wayar da bai fi tafin hannu ba. Akwai kuma dabarar saka wani ɗan ƙaramin abu a gindin tsauni, matafiyi ko bukka ko gada, domin sai da shi ido ke gane girman tsaunin. Ka rufe wannan ɗan abu da yatsa ka ga yadda tsaunin zai koma tsibin ƙasa. Hoto ɗaya yakan ci kwanaki, wani ma makonni, kafin a kai ga wannan gwaninta kuwa an kwashe shekaru.

Da yawansu da wannan suke ci. Kamfanonin wasannin bidiyo da na fina-finai, kafin su gina gari a cikin kwamfuta, sai an fara zana musu shi sun gani. Masu zanen suna baje kolinsu a shafuka irin su DeviantArt, wanda aka buɗe tun 2000, da ArtStation, wanda ya fara a 2014 kuma kamfanin Epic Games ya saye shi a 2021. Mai neman ma'aikaci zai ga hoto ya burge shi, ya karanta suna a ƙasa, ya bi sunan ya ba da aiki. Ni ma haka nake samun ciniki: a gindin kowace kalanda ina sa sunan shago da ƙananan haruffa, wani ya gani a bangon gidan biki ya zo nemana. Wanda ya yanke wannan layi ya toshe mini hanyar abinci ko da bai nufa ba. Shafukan da ke tara dubban mabiya da hotunan da aka datse wa suna, har su riƙa karɓar talla, su ne ainihin kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wanda ya fi wannan ɓata mini rai. Sai a ɗauko zane a rubuta a ƙasa cewa wai wani gari ne a China ko Turkiyya, "Subhanallah, dubi ikon Allah, kada ka wuce ba ka rubuta Amin ba." Mutane bayin Allah su yi ta turawa da kyakkyawar niyya. Abin da ke sa ƙaryar ta shiga shi ne akwai wurare na gaske masu kama da haka, irin dogayen duwatsun Zhangjiajie a lardin Hunan na China, waɗanda suke tsaye cak cikin hazo. Ikon Allah ba ya buƙatar a tallafa masa da ƙarya. Ka ce wannan zanen wane ne, ka yi tasbihi ga wanda ya halicci hannun da basirar, ka faɗi gaskiya kuma ka samu ladanka. Neman sunan ma ba wuya. Ka buɗe hoton da Google Lens, zai nuna maka wuraren da aka taɓa saka shi, sau da yawa har shafin mai shi. Layi ɗaya ya isa: "Zanen wane, daga ƙasa kaza." Yabon gwani ya zama dole, amma ai sai an ambaci sunansa yabon zai isa gare shi.

Tun daga 2022 lamarin ya ƙara cakuɗewa, lokacin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney da Stable Diffusion suka shigo hannun kowa. A shekarar ce wani Ba'amurke, Jason Allen, ya ci gasar zane a bikin baje koli na jihar Colorado da hoton da Midjourney ta haɗa masa, aka yi ta cece-kuce, kuma a 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton rajista. Wani ɗan ƙasar Poland, Greg Rutkowski, gwani a irin wannan zane na almara, ya wayi gari mutane suna rubuta sunansa a cikin manhajojin don su fito musu da hoto irin salonsa, har ta kai in ka nemi sunansa a intanet kwaikwayon na'ura ke cakuɗe da aikinsa na gaske. A Disambar 2022 masu zane suka cika ArtStation da alamar ƙin amincewa da hotunan na'ura, a Janairun 2023 kuma wasu masu zane uku suka kai kamfanonin ƙara a California, kan cewa an horar da manhajojin da ayyukansu ba da izininsu ba. Ni ban ce kada kowa ya taɓa waɗannan manhajoji ba. Abin da na tsaya a kai shi ne wanda na'ura ta yi a ce na'ura ce ta yi. Mai lura yakan gane su: matakala ta hau ta ƙare a jikin bango, tagogi sun narke cikin juna, inuwar hasumiya ta yi gabas ta bishiya ta yi yamma, a kusurwa kuma wani ƙwarzane mai kama da sa hannu wanda ba ya karantuwa. Manhajojin suna ƙara gogewa, don haka hujjar da ta fi ƙarfi yanzu ita ce mai zane ya iya nuna maka matakan aikinsa tun daga ɗan zanen toka na farko.

Ga abokan sana'ata masu shagunan ɗab'i a Bauchi da Gombe, ina tunatar da mu cewa sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta haɗa da zane, kuma ta ba mai aiki haƙƙin a ambaci sunansa. Turawa a waya daban, bugawa a kalanda a sayar daban.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Duk yawan hotunan da na tara, gidajen sarakunan Turai ne, da haikalin gabashin Asiya, da dusar ƙanƙara. Ban ga laifinsu ba, kowa abin da ya tashi ya gani yake kambamawa. To mu fa? Allah Ya hore wa wannan yanki abin zane. A Yankari akwai ruwan Wikki da ke ɓulɓulowa daga gindin dutse, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa maki 31 rani da damina. A dajin dai akwai kogon Marshall har guda 59, waɗanda mutanen zamanin dā suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna a ciki. A Gombe ga tsaunukan Tula a ƙasar Kaltungo da hanyarsu mai murɗewa, ga Dutsen Bima, ga shimfiɗar ruwan Dadin Kowa a kan Kogin Gongola. A Kafin Madaki ga ginin Babban Gwani, da bakan gizonsa na laka da azara da ya daɗe yana tsaye. A Geji da Shira kuma akwai tsofaffin zane a jikin duwatsu, shaidar cewa mutanen wannan ƙasa sun daɗe suna zane. Almara ma ba aro za mu yi ba. Mun tashi da tatsuniyoyin garuruwan ƙarƙashin ruwa, da kukar da ke buɗewa a shiga a tarar da kasuwa, da dajin Dodo, da tafiye-tafiyen Gizo. Ina son in ga ranar da wani ɗanmu zai zana birni mai jar ganuwa a kan falalen dutse da ya kai gajimare, soraye da zankwayensu a jere, rijiyoyin marina suna sheƙi da baba a ƙasa, giginyu sun yi layi zuwa ƙofar gari, hazon hunturu ya haɗiye rabin tsaunin. Tun a 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a kan cewa a ɗauki dabarar Turawa a yi zanen gida da ita. Maganarsu ta dace da kwamfuta kamar yadda ta dace da fenti.

Na san abin da ke hana iyaye da yawa barin 'ya'yansu su kama zane, wato tsoron hukuncin surar abu mai rai, kuma tsoro ne da ya cancanci girmamawa. Amma ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya ce da zane yake ci. Bayan ya faɗa masa gargaɗin da ke kan hakan, sai ya ce masa in ba makawa to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Tsauni da kogi da gajimare da ganuwa duk a nan suke. Inda baƙi ke saka matafiyi don nuna girma, namu ya saka rumbu ko kuka. Ina roƙon malamanmu su fito su yi wa iyaye wannan bayani dalla-dalla, domin daga bakinsu aka fi karɓa.

Kayan aiki ma ba su kai tsadar da ake zato ba. A cikin manhajojin zane, Krita kyauta ce, Blender kyauta ce, ibisPaint kuma tana aiki a waya. Akwai yaro a shagona da ke koyon CorelDraw, ɗan maƙwabcina ne. In an ɗauke wuta aiki ya tsaya, sai ya koma kan benci ya zana a wayarsa mai fasasshen gilashi, da ɗan yatsa, yana buɗa hoton yana matsewa. Kwanan baya ya nuna mini Dutsen Gubi ya mayar da shi tsibiri a sama, ruwan madatsar Gubi yana zubowa daga gefensa, a ƙasa ga gonakin dawa. Inuwar ba ta daidaita ba, duwatsun nesa kuma ya yi musu duhu da yawa, na nuna masa ya gyara. Amma ya sa kuka guda a bakin gaɓa, kuma da ganinta ka san nan gida ne. Na ce masa, "Ɗana, kafin ka tura wa kowa, sa sunanka a ciki, ba a can gefe inda za a yanke ba." Ya rubuta shi a jikin dutsen. Irinsa suna nan da yawa a Yelwa da Fadaman Mada da Tudun Wada da Pantami, ba wanda ya taɓa ce musu abin da suke yi sana'a ce.

Saboda haka roƙona biyu ne. Manyan makarantunmu, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tatari Ali da Jami'ar Jihar Gombe, su duba yiwuwar shirya baje kolin zanen kwamfuta na matasa ko da sau ɗaya a shekara, a buɗe shi har ga waɗanda ba ɗalibai ba. Kai kuma Malam Edita, ka ware mana rabin shafi a fitowar ƙarshen mako, a riƙa buga zane ɗaya na wani matashi ko matashiya daga Arewa, da sunan mai shi da garinsu da 'yan layuka kan yadda aka yi shi. In ka amince, a shirye nake in taimaka wajen tattara na Bauchi da gyara su yadda za su fito da kyau a takarda, ba tare da an biya ni ba.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka mai karatu,
Mai shagon ɗab'i, Wunti, Bauchi