Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Babban Daraktan NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kan tada dron a saman asibitoci

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki a Kaduna, kuma cikin kayan aikina akwai ƙaramin jirgin nan mara matuƙi da muke kira dron. Roƙona ɗaya ne: hukumarka ta fitar da taswirar duk asibitin da helikwafta ke sauka a cikinsa, ta shata masa iyaka, ta kuma sanar da mu da harshen da muke ji.

Tun 2016 NCAA ta ce ba a tada dron sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Dokar tana nan a rubuce. Amma mai riƙe da rimot ranar ɗaurin aure sau da yawa matashi ne da ya koyi tuƙi a YouTube, bai taɓa jin sunan hukumar ba. Ya dai san kada ya kusanci filin jirgi ko bariki, don can za a damƙe shi. Asibiti kuwa a wurinsa gini ne kamar kowane.

A nan hatsarin yake. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce kada dron ya wuce mita 120 a sama, saboda manyan jirage suna can bisa. To helikwaftan da ya ɗauko majiyyaci dole ne ya ratso waɗannan mita 120 ɗin kafin ya taɓa ƙasa. A lokacin ya rage gudu, ga gine-gine da turakun sadarwa a kewaye, idon matuƙi na kan wurin sauka, babu hasumiyar da za ta gargaɗe shi kamar a filin jirgi. Abin da bai fi faranti girma ba, mai launin toka, cikin hazon hunturu, ta yaya zai hango shi? Kuma jikin dron akwai batir da injina masu tauri, in suka shiga farfelar wutsiya jirgin na iya kufce wa matuƙi. Ko ba a yi karo ba, da zarar ya ga wani abu na shawagi sai ya fasa sauka ya sake zagaye, alhali wanda ke kwance a baya jini yake zubarwa.

Wannan ya riga ya faru a Amurka. A Satumban 2017 dron ya bugi helikwaftan soja a Staten Island ya lalata farfelarsa, bincike ya nuna mai shi ya tura shi nesa har ba ya ganinsa da ido. A Yulin 2025, lokacin ambaliyar Texas, wani dron ya ci karo da helikwaftan ceto, aka yi saukar gaggawa, jirgin ya fita daga aikin neman mutane. Mu ma muna da wuraren sauka a asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja da Asibitin Ƙasa na Abuja, ga jiragen da ke kwaso masu rauni zuwa Maiduguri. Ga kuma jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline da ke kai magani cibiyoyin lafiya daga Pambegua tun 2022. Saman asibitocinmu sai ƙara cika yake.

Kada kuma a dogara da na'urar. A Janairun 2025 kamfanin DJI mai ƙera dron ya daina kulle jiragensa a wuraren da aka hana tashi a Amurka, gargaɗi kawai yake nunawa. Akwai ma wani abu da mu masu aikin muka sani: in batir ya yi ƙasa ko sigina ta yanke, dron kan haura sama da kansa kafin ya nufi gida. Yaron da ya ji ƙugin helikwafta ya ruɗe ya danna maɓallin komawa gida, ya tura jirginsa kan hanyar helikwaftan da yake ƙoƙarin kauce wa ke nan. Abin da ya kamata shi ne ya sauke shi nan take ko a ina ne, ko da amarya na fitowa daga mota. Ya kuma ajiye mutum ɗaya a gefensa wanda ba ya kallon allo, aikinsa duban sama da sauraro kawai.

Waɗannan su ne abubuwan da nake so a ji a rediyo da Hausa da sauran harsuna, a kuma liƙa a shagunan da ake sayar da dron. A sa alama a katangar asibitin da lambar wayar da za a kira kafin a tada jirgi a unguwar. A samar wa ƙananan masu sana'a rajista mai sauƙi da gajeriyar jarrabawa, domin wanda aka san sunansa da lambar jirginsa ya fi kiyayewa. Sannan a hana ɗaukar majiyyaci daga sama ƙarara. Mutumin da ake saukewa a gadon ɗaukar marasa lafiya, tufafinsa a yage, yana da mutunci da iyali, bai kamata a wayi gari da hotonsa a Facebook ba.

In hukumarka ta kira zama da masu ɗaukar hoto a Kaduna ko Kano kafin hawan sallah mai zuwa, za mu zo da jiragenmu mu nuna wa jami'anka yadda muke aiki. Allah ya taya riƙo.

Naka,
Mai ɗaukar bidiyon biki, Kaduna