Kano Ba Ta Jira 1804 Ba Kafin Ta Fuskanci Alƙibla

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Kan shirinku na tarihi na daren Lahadi a rediyo na rubuto, kuma wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Baƙon nan naku da ake ta kira Dakta ya buɗi baki ya ce wai kafin jihadin 1804 Kanawa ba abin da suka sani sai yaƙi da tsafi. Shi kuwa mai gabatarwa sai "haka ne, haka ne" yake ta yi, ko uffan bai ce masa ba.

Ni a Madabo aka binne cibiyata. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha zaunar da mu a soro bayan la'asar yana ba mu labarin malaman Wangarawa da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Abdurrahman Zaite na jagorantarsu. A lokacin aka naɗa liman da ladan da alƙali, har da mai yanka dabba. Fiye da shekara 400 ke nan kafin Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. Ba na musun cewa akwai gauraye. Kanajeji, wanda ya kawo wa mayaƙan Kano lifidi da sulke da kwalkwali, da Zazzau ta ba shi kashi ai wajen Tsibiri, wani abin tsafi na gargajiya, ya koma neman sa'a. Mun san wannan, ba ma ɓoye shi. To amma ɗansa Umaru fa, malamin da ya ajiye sarauta ya koma ga ibada? Muhammadu Rumfa fa, 1463 zuwa 1499, da ya sauki Shehu Maghili, ya kafa Kasuwar Kurmi? Ko ita ma kasuwar don tsafi aka kafa ta?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tare da ɗana ɗan shekara 14 muke saurare. Ana gamawa ya dube ni ya ce, "Baba, ashe kakanninmu arna ne?" Na yi bayani har bakina ya bushe, yaron nan ya ce ai Dakta ne ya faɗa, kuma a rediyo. Kwana huɗu ke nan muna gardama a gida. Abin da kakana ya dasa mana shekara da shekaru, baƙonku ya tuge shi cikin minti biyu.

Sannan don Allah ku dubi tallan mai maganin basir ɗin nan da kuke yanko shiri sau uku saboda shi. Kalaman da yake furtawa ba na gaban iyali ba ne, uwargida tashi take ta bar ɗakin.

Ku dawo da Daktan nan ranar Lahadi, ku buɗe layin waya, ku kuma ɗaga idan mun kira.

Naku mai saurare,
Wani magidanci daga Madabo, Kano