Gidan sarautar da aka ba wa aiki a Palermo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili in ba masu karatu labarin wani gida da na shiga a nan Palermo, babban birnin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, inda na daɗe ina neman abinci. Tun ranar da na fito daga gidan nan zancensa ya ƙi barin raina.

Sunan gidan Villa Niscemi. Yana arewacin gari, kusa da gindin dutsen Pellegrino, jikin babban dajin shaƙatawa na Favorita, ba nisa da filin ƙwallon birnin. Ɗaurin auren wani abokin aikina ne ya kai ni, irin auren hukuma da jami'in birni ke ɗaurawa, ya rataya ɗamara mai launin tutar ƙasa a kafaɗa. Na tafi da ɗiyata ƙarama. Da muka iso ƙofa na tsaya ina gyara riga, don na ɗauka sai an tambaye mu daga ina, wa ya aiko mu. Mai gadi ya ɗaga mana hannu kawai. A ciki muka tarar da lambu mai faɗi, da itatuwan ƙasashe masu zafi, da wani ɗan tafki cike da agwagi. Ga tsofaffi a kan benci suna hira, ga wata mata tana tura jaririnta a keke. Yarinyar nan ta saki hannuna ta nufi agwagin da gudu, da ƙyar na rarrashe ta muka shiga ciki.

Asalin wurin gidan gona ne mai hasumiyar tsaro. A ƙarni na 18 iyalan Valguarnera, masu riƙe da sarautar Niscemi, suka mayar da shi gidan hutu, inda suke fakewa idan zafi ya tsananta a cikin gari. Maƙwabcinsu ma ba ƙaramin mutum ba ne: Sarki Ferdinand, da ya gudo daga Napoli a ƙarshen 1798 saboda sojojin Faransa, shi ya mayar da filayen da ke kewaye dajin farautarsa, wato Favorita ta yau. Zuriyar Valguarnera ta ci gaba da zama a gidan har 1987, shekarar da magada suka sayar wa hukumar birni. Majalisar birnin tana da mazauninta a Palazzo delle Aquile da ke tsakiyar gari, amma a nan magajin gari yake karɓar manyan baƙi, a nan ake wasu tarurruka, a nan kuma talaka irin abokina yake ɗaura aurensa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a saman bene shi ne wani dogon ɗaki da aka jera hotunan sarakunan Sisili a bangonsa. Na daɗe a tsaye a nan. Wannan gari ya yi zama a hannun Musulmi tun daga 831 har 1072, lokacin da Normawa, wasu mayaƙan Turawa daga arewacin Faransa, suka karɓe shi. Sarkinsu na farko, Roger na Biyu, wanda aka naɗa a 1130, shi ne ya riƙe malamin nan al-Idrisi a fadarsa, har ya zana masa taswirar duniya a 1154, ya ambaci wurare a Afirka ta Yamma irin su tsohuwar Gana da Gawo da Kawar. Na raɗa wa ɗiyata cewa tun kusan shekara ɗari tara da suka wuce an san labarin ɓangarenmu a garin da aka haife ta. Ita dai tayil ɗin ƙasa take kallo, mai zanen furanni, wanda tafin ƙafa ya cinye launinsa a bakin ƙofofi. Ni ma da na duba sai na ga ashe nan ne shaidar: gida ne da ake takawa kullum.

Kada masu karatu su ɗauka mutanen Palermo haka suke tun fil azal wajen tattalin gadonsu. Sun yi ɓarna mai yawa, su da kansu suna faɗa. Daga shekarun 1950 zuwa gaba, 'yan kwangila da 'yan siyasa da 'yan Mafiya, wato ƙungiyar miyagu ta Sisili, suka haɗa baki, aka sare gonakin lemo da suka kewaye garin, aka rushe tsofaffin gidaje, aka dasa dogayen benaye na siminti. Har suna suka ba wa zamanin, suna kiransa wasoson Palermo. Wanda ya fi yi musu ciwo shi ne Villa Deliella, ginin shahararren mai zanen gine-gine Ernesto Basile, da aka rushe cikin 'yan kwanaki a ƙarshen 1959. Filin ya koma wurin ajiye motoci. Na sha wucewa ta wurin ban san an taɓa yin gida ba, sai da wani dattijo maƙwabcina ya nuna mini, yana magana kamar mai ba da labarin rasuwar ɗan'uwa. Gari ɗaya, gida biyu: ɗaya an sayar da ƙasarsa, ɗaya an ba shi aiki.

Malam Edita, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ni ɗan cikin birnin Kano ne. Gidan kakanmu yana da zaure biyu da soro mai ɗaurin guga, da zanko a kowace kusurwa. Muddin tsohon yana raye, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an kira magina sun yi yaɓe, an share indararo. Da ya rasu aka rufe gidan ana jiran rabon gado. Damina uku kacal ya yi a rufe. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, gara ta shiga azara, soron ya zauna. Da aka zo rabo babu abin rabawa sai fili, yau shaguna ne a wurin. Ban ɗora wa kowa laifi ba, da ni a cikin magadan, kuma ina nan ƙetare ban aika ko sisi don yaɓe ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Na san ginin ƙasa ba ginin dutse ba ne, kuma na san aljihun ƙaramar hukuma a gida ba ɗaya yake da na birnin Turai ba. Amma wannan ma dalili ne a gare mu, don ginin ƙasa ya fi kowane gini buƙatar mai kwana da tashi a cikinsa. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gidan Makama yana tsaye saboda an mai da shi gidan tarihi, Gidan Ɗan Hausa yana tsaye saboda akwai ma'aikatan tarihi da al'adu da ke buɗe ƙofarsa kowace safiya. Gidaje nawa ne irinsu a Zariya da Katsina da Damagaram da magada suka kasa riƙewa, alhali hukuma tana biyan haya ko tana zuba kuɗi a sabon ofis? Ofishin mai unguwa, ɗakin karatu, wurin rajistar haihuwa, zauren sulhu, duk za su zauna daram a tsohon gida, kuma kuɗin gyaransa ya shiga kasafi kamar na kowane ofis.

Roƙona shi ne ka tura wakilanka su zaga unguwannin cikin ganuwa kafin damina mai zuwa, su ɗauko hotunan gidajen da ke rufe, su tambayi magadan ko za su yarda su sayar ko su ba da haya ga hukuma, sannan su kai amsar gaban shugabannin ƙananan hukumomi. Idan an buga, ni mai aiko da hotunan Villa Niscemi ne, har da na tayil ɗin bakin ƙofa, a ajiye su gefe da gefe.

Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
daga Palermo, Italiya.