Kada ka sa hannu a kan abin da hannu bai taɓa ba

Zariya, daren Alhamis

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyali, kuma ciwon kunnen yarinyar ya sauka. Mu nan sai godiya. Ruwa ya ɗauke, hazo ya fara sauka, ƙafar nan ta dawo da halinta na kowace shekara. Innarka tana gaishe ka.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka. A waya kana riga ni, ka ce “To Baba, na ji,” tun ban kai inda za ni ba. Shi ya sa na sa ƙanwarka ta kawo mini takarda da biro.

Ranar Juma'a da aka sauko masallaci na haɗu da mutumin nan na Tudun Wada wanda ɗansa yake ajinka. Yabonka ya tsaya yi. Ya ce yaron ya ce ba su taɓa samun malami irinka ba, komai a waya. Duk mako kana tura musu bidiyo ta WhatsApp, sun ga yadda ake rini a Indiya da Japan, sun ga tsofaffin rigunan ƙasar Hausa da ke ajiye a gidajen tarihi na Landan, duk suna zaune a ɗakin kwanansu. Na ji daɗi ƙwarai. Sai na ce, to aikin hannu fa, ya suke samunsa? Ya ce ai ɗakin gwaji a rufe yake tun farkon zango, babu ruwa babu sinadarai, amma Malam ya ce kowa ya kalli gwajin a bidiyo ya rubuto rahoto, a kan rahoton ake ba da makin. Shi murna yake yi da wannan dabara. Ni kuwa ban san yadda na iso gida ba.

In ba haka maganar take ba, ka yafe mini, ka yaga takardar nan. In kuwa haka take, ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Kada ka ɗauka tsoho ne ke faɗa da zamani. Ka tuna yajin aikin 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas kana gida. Kai ne ka zaunar da ni a zaure ka buɗe mini shafin nan na PhET na Jami'ar Kolorado, ka ce wani malamin kimiyya, Carl Wieman, ya fara shi a 2002 bayan ya ci kyautar Nobel. Na kalli ƙwayoyin sinadari suna juyawa, kana ƙara asid da yatsa lamba tana sauka. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin gwaji ina mulmula yumɓu ina soka masa tsinken ashana don yara su gane siffar abin da ido ba ya gani, ga shi kai ka nuna shi a minti uku, ya fi nawa kyau. Ban ɓoye maka ba, ranar na faɗa maka. Ka kuma nuna mini darussan da jami'ar MIT ta Amurka ta saki kyauta, abin da a zamaninmu sai wanda gwamnati ta tura waje yake jin ƙamshinsa. Mu littafi guda muke bin layi a kansa a laburare, wani lokaci ka samu an yage shafin da kake nema. Wa zai ƙi wannan ni'ima? Da kuɗin gonar Shika aka sayi kwamfutar da kake aikin da ita, kuma ka san abin da na sha a wajen baffanninka kafin a sayar. Da ina ƙin abin, da ban yi ba.

Amma gani ba ci ba ne, da kare bai kwana da yunwa ba.

Sunan wanda ka ci ya isa ya tuna maka. Kakanka bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma in ya tsaya a bakin karofi da asuba ya san ko rini ya tashi tun bai sunkuya ba, daga wari. Ya dubi kumfar da ta taru a sama, ya tsoma yatsa ya murza, wani lokaci ya ɗanɗana a harshe, ya ce a ƙara toka ko a bar shi ya kwana. Sai da na shiga makaranta na san sunan abin da yake yi: shuni ba ya narkewa a ruwa, sai ruwan toka da ruɓewar baba sun canza shi ya narke ya shiga zare, shi ya sa zane ke fitowa kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka, ya kama. Ni na san dalili, shi ya san aiki. Da za a ba mu rami ɗaiɗai, nawa ne zai mutu. Tun 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin masana'anta, shi ya bi ya rufe ramuka da yawa, amma ko shi sai da hannun da ya sani. Kai ne na farko a gidan nan da Allah ya haɗa wa biyun, dalili da aiki, har ya ba ka aji. Yanzu kuma in ji rabi kake bayarwa?

Ko launin ma. Ka ɗauki wayoyi uku ka buɗe hoton zane guda, za ka ga shuɗi uku. Yaron da zai yi sana'ar launi, a wane daga ciki zai horar da idonsa? Waya ba ta gaya masa nauyin jiƙaƙƙen yadi, ba ta gaya masa bokiti ya ɗau zafi.

Zafin nan shi ne ya hana ni barci, kuma yau zan gaya maka abin da ka daɗe kana tambayar innarka. Tabon da ke bayan hannuna na dama ba na man suya ba ne. Wata shekara, kana goye, aka makara da buɗe makaranta, aka matsa a gama komai cikin mako kaɗan. Darasin farko, na yadda ake riƙe kwalba da yadda ake narkar da soda da inda ake gudu in abu ya fallatsa, sai na rubuta shi a allo suka kwafa, na sa hannu cewa an yi. Kowa ya ci tambayoyin a takarda. Mako uku bayan haka wata yarinya ta juye kostik soda gaba ɗaya cikin ɗan ruwa kaɗan, ta sunkuya tana leƙawa. Ta san amsar, Babana. Ta rubuta da hannunta cewa a hankali ake zubawa cikin ruwa mai yawa ana juyawa, saboda yana fitar da zafi. Hannunta ne bai sani ba. Na riƙe kanta a ƙarƙashin famfo ina buɗe idon da yatsuna tana ihu tana kiran uwarta, Allah ya sa ranar akwai ruwa. Ido ɗaya ya tsira. Ɗayan bai tsira ba. Ba wanda ya tuhume ni, don takarda ta nuna an koyar, ga sa hannuna. Har yau in na ga mace da farin ido a kasuwar Sabon Gari sai na kau da kai.

Allon nan nawa da bidiyonka, ina bambancinsu? Naka ya fi kyau, shi ke nan, kuma kyan nasa ne ya fi ba ni tsoro, don wanda ya kwafa daga allo ya san bai yi ba, wanda ya kalli bidiyo sau biyar kuwa ji yake ya iya. A bidiyo ba a ɓari, ba a kuskure, in an yi ma an yanke. Yaranka da soda da haidiro, farin garin nan da ke sa shuni ya narke, za su yi aiki, kuma ka fi ni sanin haidiro in ya sha laima yana iya ɗaukar zafi har ya kama da wuta. Gobe ɗaya zai buɗe wajen rini a bayan gidansu, ƙannensa na wasa kusa da bokiti. Wata za ta tsaya gaban yara sittin a sakandare da kwalbar asid a hannu, ba ta taɓa jin nauyinta ba, ta zuba ruwa cikin asid maimakon asid cikin ruwa. Ranar ba za a nemi wanda ya ɗauki bidiyon a Amurka ba. Sunanka ne a ƙasan takardar.

Kuma bari in faɗa maka ba sakayawa: ba da maki na aikin hannu ga wanda bai yi aikin hannu ba shaidar zur ce. Ko an kira ta da sunan zamani, sunanta ke nan. Ban sayar da gona don in haifar da mai shaidar zur ba. Tun kana ƙarami haka kake, in ka sami hanyar da ta fi sauƙi sai ka ƙawata ta da magana har mai sauraro ya ji kunyar musu. Ka yi wa malaman allo, ka yi mini a kan maganar Kaduna, na ƙyale. Wannan ba zan ƙyale ba. Kun ce na cika tsanani, har gwaggonka ta ce na hana ku sakewa a gidan ubanku. Yanzu ka san daga inda tsananin ya fito.

Na ajiye biro na yi sallah na dawo. Na karanta abin da na rubuta, ba zan goge ba, amma na san ba kai ka rufe ɗakin ba. Na san sabon malami ba shi da murya, na san yawan ɗaliban da aka tara maka, na san da albashinka kake sayen data ka sauke bidiyon nan don waɗanda ba su da hali. Da wani ne, da ya karanta musu tsohon rubutu ya tafi abinsa. Kai ka nemi abin da za ka ba su, kuma Allah ya ga wannan.

Kai ka yi karatu a Samaru, ka san labarin ɗaliban zane-zanen nan na Zariya na 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ba su jefar da abin da Turawa suka koya musu ba, ɗauka suka yi suka haɗa da na gidajen iyayensu. Haka za ka yi da intanet. Su kalla da daddare, da safe su yi. Rini ba ya jiran gini. Bokitin roba biyar, toka, baba, yadi fari, inuwar bishiya, ruwa ko na 'yan garuwa ne, ka raba su goma-goma. Darasin farko kuwa ka tsaya a kan kowane yaro har ya narkar da soda da hannunsa, da safar hannu da tabarau, ga jarkar ruwa cike a gefe. Abin da ba ya yiwuwa sai da ɗakin gwaji, ka rubuta wa shugaban sashe a takarda cewa ba a yi ba, ka ajiye kwafi, ka bar gurbin makin a buɗe. Za a ji haushinka. Wataƙila a ce yaro ya zo da iyayi. Ka jure, ba a korar mutum don ya ƙi yin ƙarya, in ma an yi, ɗakinka yana nan.

Na yi magana da kawunka na cikin birni. Ya ce in ka kawo su ranar Asabar zai buɗe musu rami ɗaya daga cikin biyun da suka rage, ba ya son ko sisi. Ni ma zan zo in ƙafa ta bari, darasin farkon nan ina so in ba da shi da kaina.

Direban da ya saba zai taso ranar Litinin. Na ba shi tabarau goma sha biyu da na saya a Sabon Gari, da curin baba, da tsohuwar farar rigata ta aiki, innarka ta wanke ta ta gyara aljihun. Ta haɗa da man gyaɗa da kuka. Ka kira ni in sun iso, amma sai bayan ka karanta wannan sau biyu.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka.

Mahaifinka