Su suka tsokane shi, amma shi ne mai laifi don ba ya ji

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ni mai sauraron shirinki ce daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo nan Jigawa, don Allah ki sakaya sunana don mutan gidanmu ma suna kunna rediyo. Wallahi tun ranar Asabar ban yi baccin kirki ba, yanzu haka a gidan iyayena nake, da wayar ƙanina nake rubuto miki, in kin ga maganar ta hargitse ki yi haƙuri raina ne a ɓace.

Maganar a kan yarona ce, ɗan fari, shekararsa 11, kurma ne. Kuma Anti ba haka na haife shi ba, ina so a gane wannan, don uwar mijina har gobe cewa take daga danginmu aka kwaso, alhali kaf zuri'armu babu kurma babu bebe. Yana shekara 4 da bazara sanƙarau ya kama shi, wuyansa ya sandare jikinsa kamar wuta, kwana biyu ana masa hayaƙi da rubutu wai iska ce, ni ce na yi ta kuka kafin babansa ya yarda aka ɗauke shi a mashin zuwa Haɗeja. Allah ya tashi kafaɗunsa amma kunne ya tafi. Ranar da na gane, faranti ne ya suɓuce mini a bayansa, kaji suka watse, shi ko waiwaye bai yi ba. Daga baya mun je Kano likita ya ce jijiyar ji ce ciwon ya kashe, ba datti ba ne ba aljani ba. Da yana magana tas, a hankali maganar ta dinga zubewa, yanzu sai maganar hannu. In ya shafa haɓa babansa yake nufi, in ya kama inda ake sa ɗan kunne ni ce. Ni da ƙanwarsa kaɗai ke gane shi a gidan, babansa ko sau ɗaya bai taɓa zama ya koya ba, in yana son ya kira shi sai ya jefe shi da takalmi.

To ranar Asabar aka yi sunan abokiyar zamana, gida ya cika da danginta. Ina can wajen tukunya ashe ƙaninta, ƙato da shi ya kai shekara 15, ya tara yara sun tsinko ganyen darbejiya sun sa a baki suna taunawa a gaban yarona suna tafiya da rarrafe. Anti kowa ya san abin da wannan ke nufi, akuya suke ce masa, babu kurman da za a yi wa haka ya ƙyale. Kuma ba ranar suka fara ba, ko da Sallah sun yi masa na kai ƙara aka ce ai yara ne. Ita kuma tana zaune a ƙofar ɗaki da lallenta tana kallo, wata ta ce mini har dariya ta yi, ni dai ban gani ba amma na san za ta aikata. Shi ne ɗan nawa ya ɗauki fasasshen kasko ya jefa ya rotse yaron a goshi.

Kafin in iso wan mijina ya kama shi da igiyar guga yana tafka. Yaro yana ta nuna bakinsa yana nuna ganyen a ƙasa, so yake ya yi bayani, su kuma suna cewa kun gani ko haukan ya motsa. Babu wanda ya tambayi me aka yi masa, ko mutum ɗaya. Har yanzu shatin igiyar na bayansa.

Na manta ban gaya miki maganar makaranta ba, da ma ita ce tushen rigimata da maigida. Na sa shi firamaren garinmu, wata uku malamin ya aiko wai in bar shi a gida yana zaune ne kawai kamar gunki. Alhali yaron nan Anti ba don nawa ba ne, in tocila ta lalace shi ke gyarawa, rediyon da ba ya jin ta ma buɗewa yake ya haɗa wayar ya ɗora hannu a jiki ya ji tana kaɗawa ya yi murmushi. Akwai makarantar kurame a Haɗeja nan kusa da mu, akwai ta Tudun Maliki a Kano, wata 'yar ƙauyen kusa da mu can ta yi, yanzu saƙo take rubutawa a waya tana ɗinkinta. Shekara biyu ina roƙo, maigida ya ce to wa zai kori tsuntsu a gonar shinkafa, wa zai yi kiwon awaki. Lokacin da suka tuna da shi ɗaya ne, da aka ce ana rubuta sunan naƙasassu, irin kuɗin nan da aka fara bayarwa zamanin Sule Lamido naira 7,000 a wata, ranar har wanka aka sa ya yi.

Yanzu hukuncin da suka yanke da daddare, wan mijina da uwarsu, wai a ba wani makaho shi ya zama ɗan jagora su tafi Kano bara, ko ba komai ya bar gidan kafin ya kashe wani. Don Allah Anti makaho ba ya ganin hannunsa, shi ba ya jin muryar makaho, in mota ta yi musu hon a titi wa zai ceci wani? Ƙanina ya ce tun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, to amma ni wa zan kai ƙara, uban yaron?

Gaskiya ba zan ɓoye miki ba, na mari abokiyar zaman nawa a gaban mutane, mai jego ce na sani, amma sai da ta ce mini uwar bebe tukuna. Kuma na gaya wa surukata magana, na ce da an kai shi asibiti ranar farko da ba a kai ga haka ba, ita ta hana. Ta ce na zage ta, ni ban zage ta ba gaskiya na faɗa. Yaron da aka rotsen ma ɗinki uku aka yi masa ya koma gida da ƙafarsa, amma yadda suke yayatawa kamar an fasa masa kai gida biyu.

Da asuba na haɗa kayanmu, maigida ya tsaya a zaure ya ce in na fita da yaron nan a bakin aurena. Na fita. Babana ya ce in koma in durƙusa in ba surukata haƙuri, innata ta ce ba inda za ni sai an zo biko, ga sauran yarana biyu na baro can, ƙaramar ko yaye ban daɗe da yi mata ba. To Anti auren nan yana nan ko ya mutu, tunda cikin fushi ya faɗa kuma bai ba ni takarda ba? In na koma na ba da haƙurin ai kamar na yarda su tafi da shi ke nan. Ina da tunkiya biyu, na ce ko in sayar in kai shi Haɗeja da kaina ba da sanin uban ba, amma ƙanina ya ce ƙila su nemi uba ya zo, kuma ban san ko suna karɓar ɗan shekara 11 da bai iya rubuta ko sunansa ba. Tun jiya yake shafa haɓa yana nuna hanyar gida, tambayata yake yaushe babansa zai zo, na rasa da wane hannu zan ba shi amsa.

Don Allah ki karanta a shirin wannan satin, ranar Juma'a babana ya ce zai mai da ni. Na gode, wassalam.