Wasiƙa daga Paris zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara duka. Ni lafiya lau, sanyi ya ja baya, aiki kuma alhamdulillahi.

Katin da na sa a cikin ambulan ɗin nan na Inna ne, a nuna mata. Na saye shi a Barbizon, wani ƙauye a bakin dajin Fontainebleau, kudu da Paris. Hoton zanen wani mai suna Narcisse Diaz ne, na wajen 1844. Dubi yadda mutanen ke gangarowa cikin itatuwa, mata da yara, jan tufafinsu na walƙiya a inda rana ta ratso ganye, sauran dajin kuwa duhu. Mutanen Roma ne, wata ƙabila da aka sani da yawo gari-gari, ba 'yan birnin Roma na Italiya ba, za su biki. Na san Inna za ta ce kamar Fulani ranar tashi, kuma ba za ta yi nisa da gaskiya ba.

Asalinsu daga arewacin Indiya ne, kuma tun 1427 aka rubuta isowarsu Paris. Amma Yaya, abin da ya tsaya mini a rai shi ne: lokacin da masu kuɗi ke sayen irin wannan zane suna ratayawa a falo, 'yan'uwan waɗannan mutane bayi ne a ƙasar da ake kira Romaniya yau, ba a 'yanta su duka ba sai 1856. A nan Faransa ma, a 1912 aka tilasta wa masu yawo gari-gari irinsu riƙe wani littafi mai hoto da zanen yatsu da awon kai, duk garin da suka sauka sai hukuma ta buga hatimi. Sai 1969 aka soke shi, takardar da ta gaje shi kuma ta kai 2017. Ana son su a bango, ba a son su a bakin ƙofa. Wanda ya taɓa bin layin sabunta takardar zama tun asuba ya san zafin wannan.

Shi mai zanen ban ga laifinsa ba. Iyayensa 'yan gudun hijira ne daga Sifen, ya tashi maraya, ya rasa ƙafa ɗaya tun yana yaro, da ƙafar katako yake shiga dajin nan. Ina jin da idon tausayi ya dube su, ko da yake a zanen bai nuna yunwa da lakar da suke ciki ba.

Akwai wata mata 'yar Roma da ke zama bakin tashar jirginmu da jikarta. Yanzu muna gaisawa kullum.

Kuɗin maganin Inna na turo ta hannun Kawu, ki sanar da ni in sun iso. A gaida Malam da maƙwabta, a sa ni cikin addu'a.

Naki,
Ƙaninki